Shiƙa a Gaban Farfe

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da Rakiya ɗiyar ƙanena ta yi mini, kuma kada wani ya zo ba ni haƙuri. Yarinyar da ni na kai ta lakkwal, makarantar boko, da hannuna! Yau ga ta Dakta a Yamai, wai tana binciken tattalin arzikin aikin mata. (Karatu har ƙasar waje, a ƙare a gindin turmi.)

Bayan girbi ta kira taro a Filinge, har da farfe, babban wakilin gwamnati na yankinmu, a kujerar gaba. Ta ce aikin da mata ke yi shi ke riƙe da gari, amma ba wanda ke ɗaukarsa aiki. To ni da unguwa ke kira Mushe saboda ɗan bokona, in yi shiru mutuncin maza ya zube? Na miƙe, na gyara babbar riga.

"Rakiya, noma shi ne aiki. Shiƙa kuwa iska ke yi, mace riƙon ƙwarya kurum ne nata."

"Gaskiyarka, Baba," in ji ta, har da rusunawa. "Ga ƙwarya, ga hatsi an sussuka, ga iska. Nuna mana."

Ashe mata sukan fara duba inda iska ta nufa. Wa ya faɗa mini? Ni dai na san ba a ba manya baya, sai na fuskanci farfe, na ɗaga ƙwarya sama, na tsiyayo. Iskar kuwa daga bayana take. Ƙaiƙayi ya tashi buu, ya sauka kan bawan Allah, daga hula har takalmi. Ya daure, ya daure, can ya kai hannu wuya.

Na ruɗe, na juya, na sake tsiyayowa. Wannan karon a cikin rigata ya shige.

"Malam, gefe ake tsayawa!" matata Indo ke nan daga cikin mata. "Shekara da shekaru kana kallona!"

Ni da farfe muka yi ta susa, shi da hannu ɗaya irin na manya, ni da biyu. Rakiya ko murmushi ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Mun gode wa Baba da wannan gudummawa." Aka tafa. Aka tafa, jama'a!

Yanzu in na gitta kasuwa sai mata su kama susa. Abin da na koya: aikin da ka saba kallo daga kan tabarma, ci gaba da kallonsa daga can, da bakinka a rufe.