Baƙin Kundi Ya Mutu a Hannun Masu Shi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta, fushi kuma ya ƙarasa abin da ya rage, nake sanar da 'yan uwa marubuta rasuwar Baƙin Kundi, littafin da mu bakwai muka shekara shida muna gina Ƙasar Bayan Hayaƙi a cikinsa. Ya rasu ranar Asabar da la'asar, a shagon walda na ɗaya daga cikinmu, yana da shafi ɗari uku da goma sha biyu. Ba tsufa ne ya ɗauke shi ba. Kashe shi aka yi a gaban idonmu, kuma babu kwafinsa ko ɗaya a duniya.

Ga wanda bai san marigayin ba, littafi ne mai baƙin bango, da roba ake ɗaure shi. Kowane mako yana hannun mutum ɗaya, ya rubuta abin da ya auku a ƙasar, ranar Asabar ya karanta mana, ya miƙa wa na gaba. Doka biyu gare mu. Ta farko, abin da biro ya rubuta ya zauna, ba gogewa, ba yagewa. Kana iya kashe dodon wani matuƙar ka kawo hujja daga shafukan baya. Ta biyu, ba a kwafarsa, ba a ɗaukar hotonsa. Yayanmu da ya tara mu, wanda muke kira Jan Biro, shi ya ce ƙasa ɗaya jiki ɗaya gare ta. Da dariya ya faɗa, yana goge gilashinsa. Da Allah Ya yi masa rasuwa bara, sai muka ɗauki wasansa muka mayar shari'a. Matarsa, Antinmu, wata takwas ke nan tana roƙon a ba ta hoton shafi arba'in da ɗaya da mijinta ya rubuta, don ba ta da wani dogon rubutun hannunsa sai takardun cefane. Kullum amsar ɗaya ce, za a duba.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya ɗauki yaƙi goma sha ɗaya bai taɓa kai ƙara ba. A cikinsa aka fille kan sarakuna uku a kan gada ɗaya. A cikinsa Kura Mai Fikafikai ta sure mahauta daga tsakiyar kasuwa, ta shanya hanjinsu a kan rufin gari. Ya jure mana wata biyu cur muna musu a kan ko dodon da aka sare wa kai yana ci gaba da jin yunwa. Bai da yawan magana. In aka cire masa roba ya ce "ƙas", kowa ya nutsu. In mai karatu ya zo wurin kisa yana sauri, sai ka ji "shaf, shaf, shaf". A shekarunsa na ƙarshe bayansa kan ce "ƙiii" duk lokacin da aka buɗe shi, mu kuwa muna cewa muryar tsufa ce.

Ya daɗe yana jinya, kuma sunan ciwon sakaci. Sau huɗu ina miƙewa a taro ina cewa mu ɗauki hotonsa, waya tana aljihun kowa, aikin rabin awa ne. Akawu ya ce ni ɗan bana ne, ban san darajar abu ba. Malamar Jinya ta ce a bari sai an gama Yaƙin Kogin Gishiri. Tela ya yi hamma. Mutanen da ke iya tsara harajin masarautar da babu ita, har da sunan mai karɓa, sun kasa tsare littafi guda.

Ga yadda ajalin ya zo. Mai Walda yana da dodo, Uwar Tsatsa, ƙatuwar ƙadangaruwa da yawunta ke cinye takobi. Shekara biyar babu wanda ya iya da ita. Lauya ya tono a shafi na tamanin da takwas cewa ba ta jure wa mai, kuma bakinsa bai iya riƙe magana ba, ya sanar cewa a makonsa, wanda ke bin na Mai Walda, zai nutsar da ita a rijiyar mai. Da Mai Walda ya gama karatunsa ranar Asabar, sai ya rungume littafin ya ce ba zai miƙa wa mahauci 'yarsa ba. Lauya ya kira shi uban ƙadangare, ya kama bango ɗaya. Mai Walda ya riƙe ɗayan, ya kai masa naushi a baki da hannun hagu. Haƙori ya faɗi a siminti. Lauya bai saki ba, ya sa masa kai a hanci, jini ya tsiyaye a kan taswira. Akawu ya shiga rabo, aka maka masa kujera a kafaɗa. Marigayin ya yi "ƙiii" mai tsawo, sannan "ɓaaar", ya rabe biyu. Rabi ya faɗa cikin daron baƙin man inji. Rabi ya sauka a kan ƙarfen ƙofa da aka gama liƙawa, jajur da zafi, ya ce "fuu" ya kama wuta. Tela ya bi shi da tsumma, ashe tsumman ma jiƙe yake da mai.

Ya rasu ya bar shafi ashirin da uku, da rabin taswira mai jini, da robar ɗaurinsa. Ya bar marayun dodanni sittin da ɗoriya da ba su da wurin kwana sai kawunanmu, kawunan da tun jiya suka fara saɓani a kan yawan ƙafafun Uwar Tsatsa. Cikin shafukan Jan Biro, huɗu ne suka tsira, ɗaya ma gefensa ya ƙone.

Ba zan tsame kaina ba. Littafin ya kwana a ɗakina fiye da sau arba'in, waya na gefensa. Ban ɗauka ba, don kada a ce ɗan bana ya karya dokar mamaci. Na yi ta ihu a taro, a ɗaki kuma na yi biyayya kamar kowa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe huɗu, a shagon da abin ya faru. An tara tokar tare da abin da aka tsamo daga mai a cikin gwangwanin fenti, za a binne a gindin katangar baya. Kafin nan za a ɗauki hoton shafukan da suka rage ɗaya bayan ɗaya, a tura wa kowa. Wannan sanarwa ce, ba shawara nake nema ba. Masu zuwa ta'aziyya su zo da biro, kowa ya rubuta abin da ya tuna. Duk wanda ya buɗe baki ya ce tsautsayi ne, shi zai haƙa ramin.

Bayan an rufe ƙasa, Mai Walda da Lauya za su ɗauki shafi huɗun nan a ambulan, su tafi gidan Anti tare, a ƙafa, da kumburinsu. Su za su yi mata bayanin inda sauran talatin da bakwai suka tafi. Kada kowa ya tura mata wannan takarda. Har yanzu ba ta sani ba. Ta kira ni shekaranjiya tana tambaya ko an duba maganarta, na ce ta zauna a gida ranar Asabar, za ta yi baƙi.