Jakar Kulle Waya da Manyanmu Masu Hangen Nesa

Jama'a, kwanakin baya da safe 'yata Keira ta faɗa cikin tarin ƙanƙarar da na kwashe a ƙofar gida. Ba santsi ya ja ta ba. Tafiya take kai a sunkuye, babban yatsa na ta aiki a kan waya, har ta nutse zuwa gwiwa. Na ce, "Keira, kin ji ciwo?" Ta ce, "Baba, dakata, bidiyon ya kusa ƙarewa."

Yarinyar nan da can lissafi ba ya mata gardama. Bana malamarta ta ce in ba a tashi tsaye ba, faɗuwa za ta yi. Shi ya sa na yi murna da manyanmu na nan Kanada suka kafa Kwamitin Ceto Hankalin Matasa. Allah ya ƙara musu basira! Sun yi taro a otal, sun ci sun sha, suka sayo wa kowane ɗalibi jaka mai makulli da harajinmu, wai a kulle waya har a tashi daga makaranta.

Maƙwabcina dattijo Kowalchuk ya leƙo ta saman shinge. "Kai, ba ka ga tsohuwar wayata ba? Wadda ta mutu tuntuni?"

Na ce, "Tawa ma ta yi ƙafa."

Ashe matattun wayoyinmu yaran ke kullewa a jakar, masu ran kuwa suna cikin safa. Jikan Kowalchuk har haya yake bayarwa.

Muka ɗunguma taron iyaye. Mai Girma Sarkin Kwamiti, ransa ya daɗe, ya hau mumbari ya karanto mana illolin waya daga cikin wayarsa. Yana tsaka da bayanin yadda take raba hankali sai ta yi ƙara. Ya duba, ya murmusa, ya ɗago ya ce, "Ina muka tsaya?"

Kowalchuk ya miƙe. "Ranka ya daɗe, aikin gidan yaran nan ta ina ake turo musu?"

"Ta manhaja."

"Manhajar tana ina?"

Mai Girma ya ce tambayar na da muhimmanci, za a kafa mata ƙaramin kwamiti. Mai ƙorafi kuma ya aiko ta waya.

Da na dawo na ɗauko kwandon burodi na dire a teburi, na ce kowa ya zuba wayarsa a ciki, har uwar gida. Keira ta yi kumburi kamar za ta fashe. Kafin miya ta huce sai ga ta tana ba mu labarin ƙawayenta, tana kwaikwayon malamin tarihi har uwarta ta ƙware. Wallahi na manta yarinyar nan tana da ban dariya haka. Yanzu lissafin ma ya fara farfaɗowa, kuma ba a kama mana otal ba.

Kai kuma mai karanta ni a waya cikin mota, ɗago kanka. Fitilar titi ta ba da hannu tun ɗazu, ni ne a bayanka nake ta danna hon.