Ranar Da Na Ɗaga Ƙafa A Taron Macizai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Bala ya sha tafi a gabana ba. Bari in bi abin daki-daki, don ba na son labari a hargitse.

Ni kafinta ne a Tirwun. Tun da aka fara yanka gonaki ana gina gidaje, duk wanda maciji ya shigar masa gida ni yake aiko wa. Rannan mai unguwa ya ce ana son mutum biyu a wani taro a Yelwa kan macizai da kwaɗi da danginsu, kuma a cikinmu za a zaɓi ɗaya a horar da shi ya zama wakilin unguwa. Wanda aka haɗa ni da shi Bala ne, taubashina, mai noman kankana, mutumin da ko tsaka ya gani sai ya yi salati. Na ce magana ta ƙare. Na zura babbar riga, na ɗauko takalmina na fatar mesa, muka hau keke mai ƙafa uku.

Jawaban safe da Turanci aka yi. (Nawa Turancin a aji shida ya tsaya, har yau yana nan.) Akwai mai fassara, amma ban ji ko kalma ɗaya ba, don wata Dakta ta zo ta ja Bala zuwa layin gaba, ni aka bar ni bakin ƙofa. Ashe bara wani kumurci ya faɗa rijiyar gonarsa, ya kira ɗaliban jami'a suka fitar. Kira kawai ya yi, jama'a! Sai ga hotonsa a bango, yana tsaye can nesa da rijiyar, zaure ya ɗauki tafi. Har ruwan gora aka buɗe masa.

Ya waigo ya kashe mini ido. "Taubashi, ka ga manya?"

Ana cewa akwai mai ƙarin bayani na miƙe.

"Salamu alaikum. Ni ba kira nake yi ba, ni ake kira. Na ɗaya, kasa a akurkin kaji. Na biyu, gamsheƙa a bayan masallaci. Na uku, mesa, ta fi wannan teburin tsawo."

Fuskar Dakta ta washe. "Madalla, Baba! Ina kuke kai su ku saki?"

"Saki? 'Yata, sanda ɗaya nake ba su a ka. Mesar ma ga ta nan."

Na ɗaga ƙafa. Na ɗaga ta sosai, don na baya su gani.

Wani Bature ya tambayi mai fassara me na ce, mai fassarar kuwa ya dubi takalmin, ya dubi silin, ya ƙi fassarawa.

Dakta ta ce a hankali, "Baba, ai taron na hana kashe su ne. Su ke cinye ɓerayen da ke muku ɓarna a rumbu."

"Dakta, a yi masa haƙuri," in ji Bala. "Shi taubashina ba ya zuwa gaban alƙali sai da shaida."

Na zauna na cusa ƙafafuna ƙarƙashin kujera, na ce in na ɓoye su za a manta. Sai aka kira azahar. Dole na tuɓe takalmin a ƙofar masallaci, ina sallamewa na tarar ɗalibai sun kewaye shi suna ɗaukar hoto, wai za su nuna a aji.

Bala aka zaɓa, ba sai na faɗa ba. A keke muna komowa ya ce direba ya tafi a hankali, akwai babban maharbi a ciki.

Abin da na koya shi ne, mai hassada idonsa kaɗai ke zuwa taro, kunnensa a gida yake barin sa. Yanzu kafin in ji haushin tafin da ake wa wani, sai na fara tambayar na kusa da ni me ya yi.