Ranar da na ce ba na son allura

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, a shekarar da ake ta shirin karɓar mulkin kai. Shekarata goma sha tara, ina zaune da Babana a Nassarawa, inda yake aikin kuku a gidan wani Bature. Lokacin Turawa sun fara haɗa kaya, abin da ya yi musu nauyi sai su zubar. A cikin shara na tsinci wani littafi mara bango, cike da zanen haƙora. Turancina na elementare ne, amma zane ai ba ya neman tafinta.

Shi ke nan na haukace a kan haƙori. Duk kan ragon da aka kawo kicin, kafin Baba ya babbaka na riga na bi shi da filaya. (Kun san rago ba shi da haƙoran gaba a sama? Ku duba in an yi layya, wallahi dasashi ne zalla.) Burina ɗaya ne, a ɗauke ni koyon aiki a wurin likitan haƙorin unguwarmu, wani Bature dogo. Mai taimaka masa, Malam Yohanna, mutumin Zariya, ya ce lallai ana neman mutum ɗaya, amma ni ba ni da takarda.

"Sai dai in likita ya ga kana da zuciya," in ji shi. "Aikin nan fa jini ne."

Ana nan sai turmina na ƙarshe, na can ƙurya, ya tashi da ciwo. Ni murna ma na yi. Baba ya ja ni wurin wanzami a Gawuna, mutumin ya leƙa ya ce awartakinsa ba zai kama ba, haƙorin a kwance ya fito, rabinsa a binne. Na ce, "Yauwa! Wannan sai tiyata!" Don ba kowane haƙori ake wa tiyata ba, ku sani. Wanda ya fito sosai kama shi ake a girgiza a cire. Sai wanda ya kwanta, ko ya karye ya bar saiwa, shi ake tsaga wa dasashi. Kuɗinsu ma ba ɗaya ba, na tiyata ya fi nesa ba kusa ba. Zabina uku na sayar.

Ga dabarar da na ƙulla: zan ƙi allurar kashe zafi. A wurin kaciya wanda bai yi kuka ba ai shi ake yabo. Likita zai ga zuciya da idonsa.

Ran Talatar na isa wurin likitan da sassafe na tarar baranda cike, direbobi, masu gadi, kowa riƙe da kunci. Maimakon in zauna in yi shiru, sai na miƙe na hau yi musu karatu. Na zana musu haƙori a ƙasa da tsinke, saiwa da komai. Wani dattijo, Baba Audu maigadi daga Hotoro, ya ɗaure muƙamuƙi da rawani, ya ce, "Ɗan kuku, da zafi?"

"Zafin me, Baba? Tsoro ne kawai. Ni ko allura ba za a yi min ba."

Aka kira ni. Na hau kujera, aka ɗaura min farin ƙyalle a wuya, na tattaro Turancina kaf na faɗa wa likita ba na son allura. Ya dubi Malam Yohanna.

"Kai, ka san me kake faɗa kuwa?" in ji Malam.

"Na sani. Na cire haƙora sun fi arba'in."

"Na wa?"

"Na raguna."

Likita ya ce in buɗe baki. Ya sa ɗan madubi, ya ɗauko wani siririn ƙarfe ya taɓa wurin. Taɓawa fa kawai.

Jama'a, ihun da na kurma har yau ban san daga ina ya fito ba. Na datse bakina a kan yatsan Bature, shi ma ya kurma nasa. Na diro daga kujera, na ture tasar kayan aiki, sai ga ni a tsakiyar baranda, ƙyalle a wuya, yawu har ƙirji, takalmi ƙafa ɗaya.

Baba Audu ya ce, "A'a, ɗan kuku, har an gama? Ina haƙorin mu gani?"

Malam Yohanna ya leƙo ta ƙofa. "Ko farawa ba a yi ba, Baba. Dubawa ake."

Ban taɓa ganin masu ciwon haƙori suna dariya ba sai ran nan. Suna yi suna riƙe kunci suna "wayyo", kuma sun kasa dainawa. Wani direba har ya sauko daga benci.

Ga ƙofar fita a buɗe, gidanmu ba nisa. Na tsaya ina kallonta. In na fita, na san ni da wurin nan har abada. Na goge baki da ƙyallen, na ratsa ta gabansu na koma ciki, na hau kujerar da kaina.

"Malam, a yi min allurar. In akwai biyu a haɗa."

Aka yi. Kuncina ya yi nauyi kamar na aro. Ina jin motsi, ba zafi. Likita ya tsaga dasashin, ya raba haƙorin gida biyu, ya ciro su ɗaya bayan ɗaya, ya yi ɗinki, ya cusa min auduga. Malam ya ce yau ko a alwala kada in kurkure baki da ƙarfi, ban da goro, kunu ma sai ya huce.

Sai likita ya ɗaga yatsansa da aka naɗe, ya yi magana da sauri. Na ce a raina shi ke nan, kora ce.

"Ya ce ya sha ganin masu gudu," in ji Malam Yohanna, "amma wanda ya gudu ya dawo da ƙafarsa, kai ne na farko. Ka zo Litinin, da wankin kayan aiki za ka fara. Kuma duk wanda ya ce ba ya son allura, kai za a tura wa."

Na so in yi godiya, auduga ta hana. Tun daga ranar nake koya wa mutane haƙori, ban fasa ba, ba kuma zan fasa ba. Amma yanzu sai na bari an fara taɓa ni kafin in ce wa kowa ba zafi.