Yadda Za Ki Ajiye Kwalbar Marigayi Alhali Ɗanki Yana Kan Sharaɗin Kotu

Ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi miki alkawari kwalbarki za ta zauna lafiya, ɗanki ma ba zai koma gidan yari ba. An gwada su a Kahu, a gidan Laraba, lokacin tana takabar mijinta Habu direban tirela.

Habu ya rasu ya bar kwalba ɗaya, saiwoyi jiƙe cikin wani farin ruwa da yake sayowa a Kudu. Ɗansu Jabiru kuwa, alƙali ya sake shi bisa sharaɗi: wata shida kada a ji warin giya a bakinsa ko a gidan da yake kwana. Aka sa Malam Hammadu na kotu ya riƙa leƙowa ba sanarwa. In aka samu ko cikin murfi ɗaya, Jabiru ya koma ciki.

1. Ki raɗa mata suna

Shekara talatin Habu yana ce mata maganin ciwon baya, Laraba tana bin sa da sannu. Sai bayan sadakar bakwai ta buɗe ta shinshina, ta ji warin da Jabiru ya shigo da shi ranar da aka kama shi. Ta zauna daɓas.

Ke dai ki ci gaba da cewa magani. Masana sun tabbatar, abin da ba a kira sunansa ba bai gama shigowa gida ba.

2. Kada ki zubar a makwarara

Laraba ta gwada kaɗan. Agwagwar maƙwabta ta sha, ta kori zakara har ƙofar gida, sannan ta kwanta ƙafafu a sama. Mai ita ta rugo da wuƙa tana neman namijin da zai yanka kafin ta zama mushe, sai agwagwa ta miƙe ta yi gaba tana tangaɗi.

Da wannan Laraba ta fake ta bar sauran. Amma ba agwagwa ce ta hana ta ba. Shatin yatsun Habu, da baƙin man mota, yana nan a jikin takardar kwalbar.

3. Ki ɓoye inda namiji ba ya shiga

Babu kamar ɗakin mai takaba. Sai dai ki tuna, tsofaffi suna shiga.

Zainaba, yayar Habu, ta zo daga Zurgu da niyyar kwana goma.

“Ke Laraba, ina maganin nan na ƙanena? Bayana kamar an yi sussuka a kai.”

“Ya ƙare, Yaya.”

“Ƙarya kike. Ɗauko min waccan kwallar ta ƙarƙashin gado, na san inda kike ɓoye abu.”

Murfi biyu ta sha. Kafin la'asar tana rera waƙar kamun amarya a tsakiyar masu ta'aziyya, ta kuma sanar da matar mai unguwa cewa miyarta ba ta taɓa yin daɗi ba. Jabiru yana tsakar gida yana gyaran babur, ya ɗaga kai. Ya san irin wannan waƙar. Ya ci gaba da gyaransa.

4. In ma'aikaci ya zo, ki tura yayar miji unguwa

Laraba ba ta yi haka ba. Bayan kwana biyu Malam Hammadu ya yi sallama, ya zauna a zaure yana dafe da ƙugu, yana cewa hawan babur daga Rano ya gama da bayansa.

“Ai kuwa ka zo gidan magani!” in ji Zainaba. “Laraba, kawo wa Malam kwalbar nan. Ni da na sha har rawa na yi!”

Laraba ta ɗauko. Ta miƙa ta bayan labule, ta kasa duban inda ɗanta yake tsaye. Malam Hammadu ya buɗe, ya shinshina, ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

“Kai! Ruwan rijiya da saiwa, amma akwai ɗaci. Allah Ya sa a dace, Hajiya.”

Ya sa hannu a takardarsa, ya hau babur. Zainaba ta karɓa ta ɗanɗana, ta tofar.

“An kashe maganin nan.”

5. Ki tambayi ɗanki

Laraba ta ja Jabiru gefe. “Kai ne?”

“Ni ne, Inna. Ranar da Gwaggo ta yi waƙa, kina wajen alwala. Na juye a masai, na cika da ruwa.”

“Ba ka...”

“Na daɗe a tsaye da ita a hannu. Na daɗe ƙwarai, Inna. Ban sha ba.”

Laraba ta buɗe baki za ta yi masa faɗan taɓa kayan ubansa, sai ta ji bakin nata ya ce, “Ka ci abinci kuwa?”

Gargaɗi: wadda ta bi matakan nan ta tsinci kanta a gaban alƙali, kada ta kira sunana, babu ruwana. Alkawarin da na yi a farko ma na janye. Idan naki ɗan ya tsaya a bakin masai da kwalba a hannu, abin da zai yi ba ya cikin matakaina, ba kuma a hannun uwa yake ba.