Yadda Za Ka Hana Hafizu Gama Littafinsa Kuma Ya Yi Maka Godiya

Ka gan shi, kada ka ce ba ka gan shi ba. Ranar da Hafizu ya tsaya a bakin tashar motocin Kudai a nan Makka, jakar wata baƙuwa a kafaɗa, jarkar zamzam a hannu, yana ta duban agogo kamar wanda ya baro tukunya a wuta, kana tsallaken titi kana shan shayi. Kuka haɗa ido, ka ɗaga masa hannu, ka mayar da kai kan wayarka. Madalla. Ashe kana da baiwar, horo kawai ya rage maka, ga shi kuma na kawo maka har gida. Bi matakan nan daki-daki. Na yi maka alkawari Hafizu ba zai taɓa ganin shafin ƙarshe na littafinsa ba, kuma duk inda kuka gamu shi zai riga ka gaisuwa.

Ga wanda bai san shi ba, Hafizu haifaffen unguwar Nakkasa ne, yana haya a Kudai da matarsa Nasiha. Yana koyar da fiyano, yana tsara kiɗa, kuma tun da aka rushe unguwarsu yake fama da rubuta littafi a kanta. Sai dai labarin ba a kansa yake ba, yana bakin kakarsa, Inna Hure, wadda ta zo aikin hajji daga Gwadabawa da goyo a baya, ayarinsu ya koma ita ta zauna. Ba wanda ya san dalili. Yanzu ta ɗaure kayanta, ta ce azumin bana a Gwadabawa za ta yi shi, kuma ba dawowa. Ranar Asabar kaɗai ake kawo masa ita daga unguwar Ka'akiyya, inda take zaune. Asabar ɗin da suka rage 'yan kaɗan ne. Aikinka shi ne ka cinye su.

Mataki na ɗaya: Ka sakankance cewa ba shi da aikin yi

Mutumin da ke zaune a ɗaki yana taɓa katako, ko yana zura wa farar takarda ido, ai hutawa yake. Riƙe wannan da kyau, shi ne tushen ilimin.

Koyi da Alhaji Garba, maƙwabcinsa, wanda duk mai zuwa umara daga garinsu lambarsa ake ba shi. Ga yadda gwani ke buga waya:

"Ustaz Hafizu, kana gida?"

"Ina gida, Alhaji, sai dai ina ɗan..."

"Alhamdulillahi! Ai na ce musu kai kullum kana nan. Yalla, ga mu nan hawowa."

Lura, bai bar shi ya kai ƙarshen magana ba. Mutumin da bai gama jimla ba, ta ina zai gama littafi?

Mataki na biyu: Turo baƙon, kada ka yi shawara

A gida ana cewa baƙonka annabinka. A Makka mun inganta maganar: baƙonka, aikin maƙwabcinka. Wa zai iya cewa a'a ga wanda ya taho ɗakin Allah? Ba Hafizu ba. Shi ko a mafarki ka ce masa "baƙin Allah ne", takalmi zai fara laluba.

Zaɓi baƙo mai himma. Wanda jiya ya yi umara, yau yana son a kai shi Tan'im, can bayan gari, ya sake ɗaura harami saboda mahaifinsa, gobe saboda wan kakarsa. A hanyar dawowa a biya kasuwa, domin uwargida ta turo hoton wata abaya, kuma dole sai irin wannan baƙin, ba wancan baƙin ba. Hafizu zai yi tafinta, ya yi dako, ya yi ciniki, ya ɗauki hoto. Kai kuma ka samu ladan karɓar baƙo kana kishingiɗe.

Mataki na uku: Girmama mayafin tebur

Wannan shi ne zuciyar darasin, don haka ajiye shayin.

Fiyanon Hafizu na lantarki ne, dogo kamar benci, yana jingine da bangon falo. Da an ƙwanƙwasa ƙofa, Nasiha kan wurga masa wani mayafi mai ado, ta ɗora butar gahawa da farantin dabino a kai. Ba wanda ya taɓa fitowa fili ya hana Hafizu sana'arsa. Mu ba ma yin haka, muna da tarbiyya. Kallo kawai muke yi, irin kallon da ke sa mutum ya rufe kayan aikinsa a cikin gidansa.

An taɓa yin wani malami baƙo da ya wuni yana cin dabino a kansa yana sa wa "teburin" albarka. Can ya dogara gwiwar hannu, ashe an manta ba a kashe ba, sai ganguna suka ɓarke daga ƙarƙashin mayafi.

"A'uzubillahi! Mene ne wannan?"

"Na'urar sanyaya ɗaki ce, Malam," in ji Nasiha, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Haka take yi in ta gaji."

Me ya haɗa mayafi da littafi? Ga shi. In ka tambayi Inna Hure labarin Nakkasa kai tsaye, amsarta ɗaya ce: "An rushe. Miƙo min dabino." Amma akwai wani karin waƙa da matan unguwar kan yi da hanci in suna hawan matakalar dutsen da tulun ruwa. Wata rana tana gyangyaɗi ta fara yin sa, Hafizu ya lallaɓa ya bi ta da yatsu a kan fiyano. Sai ta buɗe ido.

"Kai, mijin banza, ba haka aka yi nai ba."

"To yaya ake yi, amarya?"

"Nan wurin sai an ja numfashi. Nan ne matakala ta miƙe tsaye, ƙofar gidan Ɗaso mai waina. Wa ka iya waƙa nan wurin? Ko kai da kake ƙato sai ka yi haki."

"Wace ce Ɗaso?"

"Ɗaso ba ka sani ba? Wadda ta kori mai gidan haya da ludayi?"

Shi ke nan, baki ya buɗe. Duk inda karin ya ja numfashi akwai kwana, duk kwana akwai ƙofa, duk ƙofa akwai mutum da abin da ya aikata. Unguwar da katafila ta share tana nan kwance cikin waƙar ɗiban ruwa. Ita dai har gobe cewa take ba ta sauraren kayan Nasara, gyara masa kawai take yi. Amma da ya ɗaga yatsunsa, ita ma sai ta yi tsit.

Ka gane ke nan. Ba sai ka taɓa takardunsa ba. Ƙwanƙwasa ƙofa kawai, mayafi zai yi sauran.

Mataki na huɗu: Taya shi lalaci

Kada ka ɗauka Hafizu waliyyi ne. Shi ma yana ba da gudummawa. Kowane mutum a littafin an tsara masa kiɗansa, har akuyar babi na biyu tana da nata, babin ne dai babu. Ya canza sunan littafin har Nasiha ta daina tambaya. In ɗalibarsa Raghad ta gama dukan fiyano kamar mai kashe kiyashi ta tafi, yakan ce kunnensa na bukatar hutu. In kunnen ya huta, sai ya tuna bai goge ƙurar maɓallan ba, ɗaya bayan ɗaya, farare da baƙaƙe.

Naka shi ne ƙarfafa gwiwa. Ce masa, "Ya littafi?" Kafin ya buɗe baki ka ce, "Masha Allah, a bi a hankali, sannu ba ta hana zuwa." Kada ka kuskura ka ƙarasa masa karin maganar. Kada kuma ka ce ya karanta maka ko layi ɗaya, domin marubucin da ya san ana jiran sa yana iya yin abin kunya, ya zauna ya rubuta.

Mataki na biyar: San lokacin da ake ƙwanƙwasawa

Asabar da ta wuce Alhaji Garba ya nuna cewa shi farfesa ne.

An kawo Inna Hure da hantsi. Hafizu ya bi da ita matakalar nan da kiɗa tun daga ƙasa, ƙofa bayan ƙofa, har suka kai ƙarshen karin, inda ɗakinta yake a can ƙololuwa. Bai tsaya ba, ya ci gaba da maimaita wurin a hankali. Tsohuwa ta daɗe tana murza bakin zanenta. Nasiha ta tsaya cak a ƙofar kicin da wuƙa da albasa a hannu.

"Ran da ayarinmu za ya koma," in ji Inna Hure, "na riga na ɗaure kayana, kamar yadda na ɗaure su yanzu. Uwarka na bayana tana barci. Har na sa ƙafa cikin mota, sai na ji an kira sunana. Ba Hure ba, sunana na yanka, wanda ko kakanka bai kira na da shi. Na waiga..."

Ƙwan, ƙwan, ƙwan.

"Salamu alaikum! Ustaz, baƙin Allah ne!"

Hannun Nasiha ya riga tunaninta. Mayafi ya sauka, butar gahawa ta hau. Alhaji Garba ya shigo da dattawa uku, kowa da haraminsa a leda.

Hafizu ya durƙusa kusa da kakarsa, ya rage murya. "Kika waiga, Inna, sai me?"

"Sai ka tashi ka kai bayin Allah Tan'im."

"Don Allah, amarya."

"Miƙo min dabino."

Ya kai su. Ya jira su. Ya nemo wa ɗayansu takalmin da ya ɓata. Kafin ya dawo an mayar da ita Ka'akiyya. Da suka haɗu da Alhaji Garba a matakala, Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ma'alesh, a yi haƙuri, mun ɗan tsare ka." Hafizu ya ce, "Haba Alhaji, ai ni ke da godiya."

Ka ji ko? Har da godiyar, kamar yadda na yi maka alkawari.

Mataki na shida: Tanadi jawabin da za ka yi daga baya

In jirginta ya tashi, sami wuri a majalisa ka girgiza kai. Ce, "Kai, mutanenmu ba su damu da tarihi ba. Tsofaffi na tafiya da labarai, ba mai rubutawa." Ƙara da cewa yaranmu da aka haifa a nan ko gaisuwa da Hausa ba su iya ba, ba su san daga ina suka fito ba. Za a ce ka yi magana. Mun ƙware a wannan, mu da muke iya shekara muna jimamin abin da yini ɗaya na ɗawainiya zai ceto. Muna son a rubuta mu, amma marubucin muke aike.

Sanarwa

Ni dai ba ruwana. Duk abin da ya biyo bayan amfani da wannan darasi, ko littafi ne ya mutu a babi na biyu, ko jikanka ne ya tambaye ka ina ne Nakkasa ka nuna masa fili da tarkacen bulo, ko tsohuwa ce ta sauka Gwadabawa da sunan wanda ya kira ta a cikin bakinta, kada a neme ni. Ban ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Ban kuma ɗauki alhakin ladan da ka yi zaton ka samu ba.

Amma tunda ka karanta har nan, ga abin da na sani. Asabar mai zuwa ita ce ta ƙarshe, kuma tuni an turo wa Alhaji Garba saƙo cewa wasu baƙi na hanya. Tan'im ba ta tashi daga inda take ba, kai ma ka san motar da ke zuwa can. Ranar nan ka bar shayin, ka tsallako titi, ka tsaya a gindin matakalar gidan Hafizu. In Alhaji ya taho da baƙinsa, karɓi jakar ka ce yau kai ne. In kuma ka ji wani sauti na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar, ba na'urar sanyaya ɗaki ba ce. Mayar da hannunka aljihu.