Ranar da anka piripare Kwamanda

Kun taɓa jin garin da babu zakara ko guda? Ba ciwo yak kashe su ba, ba muzuru ba, mu da hannunmu munka yanka su muna taɓi! To garinmu ne, Tungar Barmo, nan bayan Dogarawa. Amma sai na hwara gaya muku ko wane ne Baba Labo, don in babu shi babu labari.

Baba Labo babban mutum ne wallahi. Ya yi aikin gwamnati a Konni, shi ka share buro, wato ofis, shi ka kai ma manya ruwa, amma in shina ba da labari sai ka rantse shi ka riƙe da ƙasar duka. Da anka sallame shi yad dawo gida da kwat guda, da baƙin tabarau, da Hwaransanci cike da baki wanda yat tsinta ƙarƙashin teburori. Ranar da yas sauka yac ce daga yau kada wanda yas sake ce mishi manomi, shi Direkte Janar ne. Mu ko munka ce ranka shi daɗe Direkte, don ba mu san mi ake nuhi ba kuma ba mu son a gane ba mu sani ba.

Kuma gonar tashi ba irin tamu ba ce, kai! Ga gero ga wake ga albasa a hwadama, ga kaji ga zabi ga awaki, ga injin niƙa ga amalanken jaki, ga man hetur cikin kwalabe bakin hanya wanda ake ɗauko mishi daga iyaka. Kowane abu ya raɗa mishi suna sarwis. Jaki shi ne Sarwis na Taransipo. Matarshi Hawa'u, wadda ita ka ba kaji dusa, ita ka tsare injin, ita ka toya ƙuli, ita ce Shef Sarwis. Shi kuwa aikinshi zagaye, hannu a baya, kwat a jiki, rana na dukan ƙeya.

In yas samu mutane sai shi hau turmi shi yi jawabi.

"Mesiye, ku ba ku da sistem! Ni gonata komi shina cin komi. Injin shi ba kaji dusa, kaji su ba albasa taki, albasa ta ba Direkte daraja. Wanga shi ne deblopma!"

Kuma gaskiya yah hwaɗi, komi shina cin komi. Awaki sun cinye wake, kaji sun tone irin albasa, Sarwis na Taransipo ya cinye zanan akurkin kaji, injin ya shanye man da anka aje don saidawa. Mu dai muna taɓi.

To sai ga shekarar da wani proje na taimakon manoma yaz zo da zakarun Turai. Malamin dabbobi, Mushe Ƙasimu (Mushe muka ce ma duk ma'aikaci), yat taho da guda cikin kwali, ja wur, ƙato kamar ɗan rago. Yac ce wanga in ya bi kajinku za ku samu 'yan tsaki manya masu ƙwai da yawa, amma da sharaɗi: duk zakaran gida sai an yanka, don kada su ɓata iri. Kuma wanda yar riƙe shi lahiya har shugaban proje shi zo daga Tawa dubawa, za a kai shi Yamai a rataya mishi lambar manomin misali. Tun Mushe Ƙasimu bai ruhe baki ba Baba Labo ya rungume kwali.

Ranan nan gari yaƙ ƙamshe. Direkte da kanshi yab bi gida gida, har cikin rumbun Goggo Uwani yal leƙa yaz zaƙulo wani gurgun zakara da taɓ ɓoye, tana kuka tana cewa Labo ka ji tsoron Allah, shi ko shina cewa Goggo lokacin jahilci ya wuce. Munka ci nama har munka gaji. Da sahe gari yay yi tsit, liman Malam Dauda yam makara, munka yi asuba rana tana kallonmu.

Zakaran nan Direkte yas sa mishi suna Kwamanda. Kwamanda ba shi cara sai hantsi ya dubi ludayi, Direkte yac ce ai agogon Hwaransa gare shi. Ba shi cin tsaki sai dusa mai laushi da garin ƙuli, Hawa'u na kallo ƙulinta na tahiya cikin bakin kaza. In rana tay yi zahi sai shi buɗe baki shina haki, Direkte Janar shi duƙa da kwat shina mishi hihhita. Mu kuma mu jero da kajinmu ƙarƙashin hammata, sai Direkte shi dube mu ta cikin baƙin tabarau.

"Kuna da randebu? Kwamanda ba shi ganin kowa babu randebu. Ku komo gobe, shina hutawa."

Mu koma da kajinmu kamar waɗanda anka kora daga asibiti. Kaji suna ƙwai suna kwanci, ƙwai na zama baragurbi, ba ɗan tsako ko guda a Tungar Barmo, duk jiran Kwamanda shi gama hutawa ake.

Sai labari yaz zo shugaban proje, Mushe Hayatu, na tahe daga Tawa. Tun sahe Direkte yas sa anka wanke jaki, anka share bakin injin, anka tara mu masu taɓi. Za shi hita tarbo baƙi bakin kwalta sai yat tsaya ƙohwar ɗaki.

"Shef Sarwis! Manyan baƙi na tahe, don Kwamanda sunka taso. Ki piripare shi."

Shi nuhinshi a shirya shi, a goge mishi gashi, a wanke mishi ƙahwa. Amma Hawa'u tana zuwa wajen koyon ɗinki na mata a Dogarawa, kuma can duk sadda rana tay yi madam mai koya musu sai ta ce ku tashi ku tahi ku piripare ma mazanku, wato ku ɗora musu tukunya. Kalmar Hwaransanci guda ke nan da Hawa'u tas sani a duniya, kuma ta san ta sarai.

"Malam, Kwamanda hwa kac ce?"

"Direkte za ki ce! I, Kwamanda."

"In piripare shi duka?"

"Daga kai har ƙahwa! Ina son shi yi ƙyalli, ina son shi yi ƙamshi. Kada ki yi rowar mai."

Hawa'u tac ce to, Allah shi kai mu. Ko mayahi ba ta gyara ba tas saɓi Kwamanda sai gidan liman. Malam Dauda, wanda yag gaji da makara, an ce bai taɓa wasa wuƙa da sauri irin na ranan ba.

Baƙi sunka iso, munka yi taɓi. Direkte yaz zagaya da su sarwis sarwis, yah hau turmi yay yi jawabin komi shina cin komi, kana anka shimhiɗa tabarma. Kwano yah hito, nama ya sha albasa ya sha mai shina ƙyalli. Mushe Hayatu yac ci yal lumshe ido. Mushe Ƙasimu yaƙ ƙara. Direkte yaj jawo cinya guda kamar ta ɗan akuya, yaɗ ɗaga ta sama kowa shi gani.

"Mushe, wagga hwa kazar gida ce kurum, sistem ɗina yam maishe ta haka. Ku jira ku ga Kwamanda!"

Anka turo muna sauran romo waje, munka yi ta dangwala har da lasar yatsa. Da anka wanke hannu Direkte yag gyara kwat yaƙ ƙwala kira.

"Shef Sarwis! A hito da Kwamanda!"

Hawa'u tal leƙo daga bayan zana.

"A ƙaro? Ai sai wuya da ƙahwahu sunka rage, Malam, na aje maka su."

Direkte yad dubi ƙashin da ke gabanshi, yad dubi kwano, yac cire tabarau, karo na hwarko da munka ga idonshi tun dawowarshi daga Konni.

"Hawa'u, cewa niy yi ki piripare shi!"

"To mi niy yi? Ko gishiri bai ji ba?"

Mushe Hayatu ya so shi yi hushi amma dariya ta ci ƙarhinshi, shina riƙe da ciki yac ce ai kalmar duka biyu take ɗauka, kowa na da gaskiya, Malam Labo da ka yi mata Hausa mana. Yac ce kuma cikin duk zakarun da proje yar raba wanga ne yah hi ganin amhwaninshi. Batun Yamai ko, ko a mota ba a sake tada shi ba.

Da ƙurar motarsu tal lahwa Baba Labo yaz zamna bisa turmin jawabi, yat tuɓe kwat, yak kalle mu, mu ma muna kallonshi da maiƙo a baki.

"Ni Labo," yac ce, "shekara da shekaru ina sharar buro, ashe Hwaransancin ma shara nik kwaso. Hawa'u, kawo wuyan nan, aƙalla in san ƙarshen sistem."

Munka ɗaga hannu za mu yi taɓi don mun saba, sai Goggo Uwani tat taho da kazarta a hammata tac ce Direkte, randebu na yau ne, wa za ta gani? Nan munka tuna uban 'yan tsakinmu gaba ɗaya ne munka lashe da yatsa.

Har yau kaji na yawo gari kamar zawarawa, liman na makara, Goggo ba ta gaida kowa. Don Allah wanda duk yak karanta shi miƙa ma na gaba, daga Alela har Malbaza har Illela, ko za shi kai ga mai zakaran da ba shi so. Ko gurgu ne muna so, ko mai ido guda. Amma in za ku aiko shi, ku yi ma ɗan aiken bayani da Hausa.